Allurar Canjin Iri

Ni mutumin Falanko ne, ɗan manoman gero, kuma ɗan fari a ɗakin mahaifiyata. Ba zan faɗi sunana ba. Ita ma da ta haife ni ba ta taɓa faɗinsa ba, saboda kunyar ɗan fari irin ta iyayenmu. In za ta yi zancena sai ta ce "wancan". In abinci za ta ba ni, sai ta ce wa ƙanwata Dije, "Miƙa wa yayanki." Ban taɓa zama kusa da ita mun yi hira ba yadda ƙannena suke yi. Gaisuwa ce daga bakin ƙofa, ita tana amsawa fuskarta a gefe. A wurinmu wannan ba rashin so ba ne. Ku riƙe wannan, samari, domin a kansa labarina zai ƙare.

Na yi lakwal har ajin ƙarshe na ƙaramar makaranta. Na iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin magani da Faransanci, ko da rabinsa ban gane ba. Wannan ɗan karatun shi ne jarina, kuma da shi na cuci bayin Allah.

Bayan rasuwar mahaifinmu na fara zuwa cin rani Damagaram. Wani ɗan kasuwa ya ɗora mini faranti cike da ƙwayoyi, ina yawo da shi tasha-tasha. Wata rana na nuna masa wasu kwalaye da lokacinsu ya wuce. Sai ya miƙo mini reza. Na kankare kwanan watan, na sayar. Ba wanda ya mutu a gabana, saboda haka na ce wa kaina ba laifi. Daga nan na fara faɗin abin da ƙwaya take yi ba tare da na sani ba. Ja ta ƙarin jini ce, rawaya ta shawara. Wanda ya kira ni lokotoro, wato likita, don zolaya, sai in amsa da gaske.

A wannan tsakanin Inna ta fara rama. Ƙishirwa ba ta sakinta, fitsari kuma ba ya barinta ta zauna. Dije ta kai ta gidan likita, majo ya gwada jininta, wato babban ma'aikacin jinyar da ke riƙe da wurin. Ya ce ciwon sukari ne, irin wanda yake kama mutum bayan ya manyanta. Ya ba ta ƙwayar da za ta riƙa sha kullum, ya hana ta sukari, ya ce ta rage fura. Inna mace ce mai son kunun gyaɗa da zaƙi, amma ta bi dokar. Jikinta ya dawo. Na san duk wannan. Ina so ku sani cewa na san ciwon, na san abin da ƙwayar take yi, don kada wani ya yi mini uzurin jahilci.

A tashar motar Tanut na haɗu da Sallau. Ya ce ya yi aiki a babban asibiti. Daga baya na gane shara yake yi a wani kantin magani, aka kore shi don ɗan hali. Mutum ne mai ƙiba da tattausar murya, kullum da carbi a hannu, carbin da ban taɓa ganin ya ja shi sai in mai saye yana kallo. Ya nuna mini wani hoto mai motsi a salularsa, Turawa cikin fararen riguna suna ɗiga ruwa a ƙananan kwalabe.

Ya ce, "Ka san me suke yi? Wai ciwon sukari yana da tushe a cikin abin da mutum ya gada a jikinsa, ƙwayoyin halitta. Suna neman hanyar da za a shiga can ciki a gyara, mutum ya huta da shan magani."

Na ce, "To abin ya iso ƙasar nan?"

Ya ce, "Ya iso mana. Ga ni, ga ka."

Na yi dariya. Da a ce tashi na yi.

Ga abin da muke sayarwa, in faɗa muku ba ɓoyo. Ruwan leda ne, irin wanda ake ƙara wa marar lafiya, muna zuba masa ɗan bitamin ya yi rawaya. Mu ɗura a ƙananan kwalabe, mu jera a kula da ƙanƙara, domin abin da ya fito daga sanyi mutane suna ganin girmansa. Muka sayi fararen riguna a gwanjo. Tawa ta mai yankan nama ce a wata ƙasa, har da hoton kan sa a aljihu, na sa aka ɗinke shi da ƙyalle. Sai ɗan injin gwada sukari, wanda shi kaɗai ne gaskiya a cikin kayanmu, shi ma muka koya masa ƙarya.

Dabarar ba ta da wuya. Ran kasuwa da la'asar za mu shimfiɗa tabarma, mu tarbi mai ciwo da karamci. A kawo masa shayi mai kauri, na farko, na biyu, na uku, sukari kamar ba a san kuɗinsa ba. Baƙo ba ya ƙin shayin mai masauki, ko da majo ya hana shi. In ya ɗan jima sai mu soki yatsa mu gwada. Lamba ta hau sama, Sallau ya dafe kai ya yi salati. A yi allura. Sai mu ce ya dawo gobe da sassafe, kada ya sa komai a bakinsa. Da safe a gwada, lamba ta sauko. Kowane mai ciwon sukari haka jininsa yake, ko an yi allura ko ba a yi ba. Amma mutum ya gani da idonsa, kuma abin da ido ya gani wa zai ƙaryata?

Sallau ya kawo dabara, ni na kawo baki. Shi ɗan birni ne, bai san yadda ake yi wa mutanen yankinmu na Damargu magana ba. Ni na sani. Ba na cewa ƙwayoyin halitta, wa zai saurare ni? A kasuwar Tarka na fara gwada maganar da ta zama sunan allurar. Wani dattijon Bafillace, Jauro Bello, yana zaune a tabarmarmu, ya daɗe yana fama da ciwon.

Na ce, "Baffa, in garkenka ya lalace, 'yan maruƙa suna fitowa ƙanana, me kake yi?"

Ya ce, "In kawo bajimin Azawak in saka a ciki."

Na ce, "Manomi kuma in geronsa ya gaji, ya canja iri. To jikin mutum ma iri gare shi. Naka ya gaji. Wannan allura sabon iri ce."

Wani Babarbare mai sayar da kanwa a gefe ya ce, "Lokotoro, ka yi masa biyu. Ko Allah zai sa a canja irin Fulani gaba ɗaya mu huta."

Jauro ya ce, "Bari a gama da ni, bawana, kai sai an haɗa da ta jakai."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Cikin dariyar nan tsohon ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo mini dantse. Washegari ya aiko ɗansa da tunkiya.

Akwai sharaɗi ɗaya da muke kafawa, kuma shi ne ya mai da sana'armu daga sata zuwa kisa. Duk wanda aka yi wa allura sai ya bar ƙwayar likita. Dalilinmu na gaskiya shi ne, in ya ci gaba da zuwa karɓar ƙwaya, majo zai gwada shi, asiri ya tonu. Amma abin da nake faɗa musu daban ne. Nakan ce, "Tsohon iri da sabo ba sa zama rami ɗaya." Ni na ƙirƙiro wannan magana. Na ji daɗinta ranar da ta fito daga bakina. Har na ji mata suna maimaita ta a bakin rijiya kamar karin maganar kakanni, na yi ta fara'a kamar wanda ya gina masallaci.

Muka ci kasuwannin Tarka da Belbeji da rugagen da ke kewaye. Na sayi babur. Na yi ƙiba a wuya. Mutanen da suka girmi ubana suna tashi su ba ni wuri. Ban san abin da ya fi wannan ƙasƙanci ba, a ce mai furfura ya durƙusa wa ruwan gishiri.

Doka ɗaya na kafa wa Sallau, ba za mu taka kasuwar Falanko ba. Ya ce, "Saboda me?" Na ce, "Gida ne." Da wannan nake ganin kaina ɗan kirki. Ina kashe iyayen wasu, ina tsare tawa, kuma ina kiran wannan albarka. Ban yi tunanin cewa labari ba ya bin dokata ba. Matan Falanko suna aure a Tarka, suna zuwa suna da biki, suna komawa da abin da suka ji.

Sallar layya ta faɗo farkon damina a shekarar, na je gida da rago a bayan mota. Da hantsi ina zaune a tsakar gida, sai na ga Inna a ƙofar ɗakinta da kwanon kunu. Ta buɗe wani ɗan gwangwani, ta ɗebo sukari da ludayi, ta zuba, ta ƙara. Ta sha tana lumshe ido. Na lura wuyanta ya zurma, ga butar ruwa kusa da ƙafarta.

Na jawo Dije bayan rumbu. Na ce, "Ba majo ya hana ta sukari ba?"

Ta ce, "Ai ta warke, Yaya."

"Wa ya ce?"

Ta yi murmushi. "Kai ma ka sani. Ka ɗauka ba mu da labari? Duk garin nan an san lokotoron canjin iri ɗan gidan nan ne. Ta sayar da akuyarta ta je Belbeji wurin abokin aikinka. Ta ce duniya tana cin moriyar wancan, ita ma bari ta taɓa. Kunya ce ta hana ta zuwa wurinka."

Na ce, "Ki ce mata ta koma shan ƙwayarta."

Dije ta ce, "A'a. Kai da bakinka ka ce tsohon iri da sabo ba sa zama rami ɗaya. Ko naka maganin na bare ne, ban da 'yan gida?"

Nan ne wurin. Duk abin da ya faru kafin nan da bayan nan, wannan tsayuwar ta bayan rumbu ita ce shari'ata. Abin da ya rage in ce shi ne, "Dije, ruwa ne." Da na faɗa, da kafin azahar ta kai Inna wurin majo. Amma da kafin la'asar gari ya ji. Na tuna babur, na tuna yadda liman ya riƙe hannuna a filin idi, na tuna ragon da ke rataye. Sai na yi 'yar dariya na ce, "Ba haka ba ne. A dai rage sukarin."

Da zan tafi na durƙusa a bakin ƙofarta na yi sallama. Ta amsa fuskarta a gefe, kamar kullum. Amma ta ƙara da abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce wa bango, "Allah Ya yi wa sana'a albarka." Na ce amin. Na ce wa zuciyata, ai ɗan fari ba ya doguwar magana da uwarsa, ba tarbiyya ba ce. Kun ji inda na ɓuya. Al'adar da ta riƙe shekara da shekaru don girmama ni, ita na ja na rufa don kada in faɗi gaskiya.

Na sami Sallau a Belbeji yana cin tsire. Na ci kwalarsa. Bai ko ajiye tsinken ba.

Ya ce, "Ranar da ka tafi Damagaram sayen kwalabe ta zo. Ta roƙe ni kada in gaya maka. In kore ta in ce mata me? Maganin ɗanki ƙarya ne? Sakar mini riga, abokina. Har ragi na yi mata."

Na sake shi. Na zauna. Ya turo mini tsiren, na ci. Ban raba hanya da shi ba ranar, ban raba washegari ba. Kowace kasuwa sai in ce, daga wannan zan je gida in san dabarar da zan mai da ita kan ƙwaya ba tare da na tona kaina ba. Dabara nake nema, ba gaskiya ba. Damina ta wuce ina nemanta.

Ana cikin girbi aka kama ni. Jauro Bello ya faɗi a wurin kiwo, aka kwashe shi a amalanke ba ya gane kowa. Ma'aikatan jinya suka tambayi ɗansa me ya sa ya bar magani, ya faɗa. Ran kasuwar Belbeji sai ga ɗan nasa da jandarmomi. Sallau ya hango su kafin ni. Ya ce zai kewaya, ya tuɓe farar rigar ya rataya a jikin rumfa, ya bi ta cikin kasuwar dabbobi. Ban sake ganinsa ba. Na ji an ce yana wata ƙasa yana sayar da maganin ƙarfin ido. Ni aka tasa ƙeyata da kula a kai, mutanen da suke kirana lokotoro suna bina da jifa. Ban ga laifinsu ba. Alƙali ya sa aka gwada abin da ke cikin kwalaben, aka karanta sakamakon a gaban jama'a, aka kai ni gidan kaso.

Ba zan ba ku labarin kaso don ku tausaya mini ba. Akwai cunkoso, akwai ƙwarƙwata, akwai yunwa. Ɓarawon akuya da muke kwana kafaɗa da kafaɗa ya ji abin da na yi, ya matsar da tabarmarsa. Ya ce shi dai bai taɓa cewa akuya ta bar shan magani ba.

Ban daɗe a ciki ba Dije ta zo. Ganin mayafinta da idanunta ya ishe ni. Ta zauna, ba ta gaishe ni ba. Ta ce kututturen kara ya soki Inna a tafin ƙafa a gona, ita ba ta ma ji ba, sai da aka ga jini a takalmi. Ciwon ya ƙi warkewa. Ta yi ta ɓoye shi da tsumma, ta ƙi zuwa likita, don an ce wanda aka canja wa iri ba ya komawa can. Da wari ya fito aka ɗauke ta dole. Daga wurin majo aka tura su Tanut, daga Tanut Damagaram. Ƙafar ta riga ta yi baƙi, jinin ya ɓaci. Ba ta dawo ba.

Na ce, "Dije, ruwa ne." A lokacin na faɗa. A lokacin da ko kare ba zai amfana da shi ba.

Ta ce, "Mun sani. Majo ya faɗa mata a gabana. Ya tambaye ta wa ya yi mata allurar, wa ya ce ta bar ƙwaya. Ta ce wani baƙo ne, ba ta san shi ba. Ya ce, 'Inna, ai an kama ɗanki a kan wannan.' Ta ce masa ya yi aikinsa ya bar zancen ɗan mutane."

Sannan ta ce, "Ta bar maka saƙo. Ba don ta sa ni na yi alkawari ba, da ban kawo ba. Ta ce, 'Ki ce wa wancan kada ya sa abin a ransa. Maganinsa ba shi da laifi. Gonar ce ta tsufa, iri ba ya kamawa.'"

Ta san ruwa ne. Ta ari ƙaryata ta rufa mini asiri da ita.

Da na cika wa'adina na koma Falanko, don ba ni da inda ya fi cancanta in ji kunya. Na je rugar Jauro Bello neman gafara. Yana raye, amma idanunsa sun tafi. Ya saurare ni har na gama, ya ce shi ya yafe nasa, na shanun da suka rasa mai duba su kuwa in tambaye su. Wasu gidajen ba a bar ni na shiga ba. Wasu ban san ma inda suke ba, kuma wannan nauyin da shi za a binne ni. Ina roƙon Allah gafara, ban kuma ce na cancanta ba.

Na je wurin majo ma. Na tambaye shi abin da ya kamata in tambaya tun ranar da Sallau ya nuna mini salula, shin maganar gyaran ƙwayoyin halittar nan akwai ta? Ya ce akwai masu bincike a kai, da gaske suke, amma har yanzu gwaji ne, bai zama maganin da ake ba masu irin ciwon Inna ba. Ya ce in Allah Ya sa ya tabbata wata rana, ba a kan tabarma a kasuwar kanwa za a fara jinsa ba. Abin da ke hannu yau shi ne ƙwaya ko allurar da likita ya rubuta, kula da abinci, motsa jiki, yawan gwaji, da duba ƙafa kullum. Ba shi da daɗin ji. Shi ya sa irinmu muke samun kasuwa.

Yanzu noma nake yi. Samari, ku da kuke da salula da ɗan karatu da zaƙin baki, ku nake wa magana, domin ku Sallau yake nema. Ba zai ce muku ku zo mu yi kisa ba. Reza zai miƙo muku, ya ce ɗan kwanan wata ne. Kada ku karɓa. Kada ku ɗauka mai damfara wayo gare shi. Na zauna da su, na zama su. Ba mu fi kowa dabara ba, mun fi kowa rashin kunya ne kawai, muna cin amanar wanda ciwo ya gajiyar. In kuna da mai ciwon sukari a gida, ku raka shi likita da ƙafarku. Duk wanda ya ce masa ya bar maganinsa, ko da farar riga, ko da carbi, ko ɗan cikinsa ne, ku kore shi. Kada kuma ku ce za ku yi ɓarna a nesa ku tsare gida. Na gwada.

In kuwa kun riga kun shiga, kuma akwai wata gaskiya da ta tsaya muku a maƙogwaro, ku faɗe ta yau, tun mai jin ta yana da ƙafar zuwa likita.

Da muka buɗe ɗakin Inna, Dije ta sami ƙwayoyin majo a cikin kwalla, ƙulle a gefen tsohon zane. Ba ta zubar ba, ajiyewa ta yi da kyau, kamar mai jiran a ce mata ta ci gaba. Suna wurina. Lokacinsu ya wuce tuni, kwanan watan yana nan a jiki, ban kankare ba.